Wa Ya Ce Kai Ne Ba Ka Iya Ba?

"Ni fa ban iya waɗannan abubuwan ba." Da wuya rana ta fito ta faɗi ban ji wannan magana ba. Dattijo zai faɗe ta a gaban na'urar cirar kuɗi, yana miƙa katinsa ga yaron da bai taɓa gani ba. 'Yar kasuwa za ta faɗe ta, ita da take riƙe da lissafin bashin mutum talatin a ka, ba littafi ba biro. Har malamin jami'a na ji ya faɗe ta a gaban shafin da ake shigar da makin ɗalibai. Kowannensu da murmushin nan na ban-haƙuri, kamar wanda aka kama da laifi. Mu kuma da ke bayan layi mu ja tsaki, a zuci mu ce ƙauyanci ne.

Ni ban yarda ba. Koyar da kwamfuta da nake yi ya gamsar da ni cewa galibi wanda bai iya ba shi ne wanda ya tsara abin. Sai dai shi ba ya wurin, don haka kunyar take faɗawa kan wanda ke tsaye. Ba ni na ƙirƙiro wannan ra'ayi ba. Akwai fannin ilimi sukutum da aka gina a kansa, ilimin mu'amalar mutum da kwamfuta, wanda a jami'o'i ake taƙaita sunansa da HCI. A ganina babu fannin da matasanmu masu karatun kwamfuta suka fi buƙata kamarsa, kuma babu wanda suka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Tushen fannin ya girmi kwamfutar tebur. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar sojan saman Amurka ta yi ta asarar jiragen yaƙi ƙirar B-17 a filin sauka, inda babu abokin gaba ko ɗaya. Matuƙi zai je ya dawo lafiya, ya sauko, tayoyi su taɓa ƙasa, sai kawai ya naɗe tayoyin da hannunsa, jirgi ya kwanta a kan cikinsa yana jan ƙasa. Rahoto kullum iri ɗaya ne: kuskuren matuƙi. A 1943 aka ba wani matashin hafsa mai suna Alphonse Chapanis, wanda ya karanta ilimin halayyar ɗan'adam, aikin bincika lamarin. Da ya shiga ɗakin matuƙi sai ya tarar maɓallin naɗe tayoyi da maɓallin da ke sarrafa wani sashe na bayan fiffike kamarsu ɗaya, kuma suna kusa da juna. Mutumin da ya kwashe awanni a sama, ya gaji, idonsa na kan titin sauka, da lalube yake kai hannu. Chapanis bai ce a ƙara wa matuƙa horo ba, bai ce a hukunta kowa ba. Ya sa aka liƙa 'yar ƙaramar taya ta roba a kan maɓallin tayoyi, aka yi wa ɗayan siffar fiffike, yadda yatsa zai gane wanda ya taɓa ko ido bai gani ba. Wannan nau'in haɗari ya kau. Har yau dokokin ƙera jiragen sama suna tilasta a yi wa mariƙin tayoyi siffar taya.

Ku lura, matuƙan nan zaɓaɓɓu ne, an tace su, an horar da su. Babu wanda zai kira su 'yan ƙauye. To ina ga tsohuwar da aka ajiye wa akwatin ƙarfe mai magana da Turanci, aka ce ta ciro kuɗin jinyar jikanta kafin na baya su fara gunaguni?

Da kwamfuta ta fara fitowa daga hannun ƙwararru masu ba ta umarni da kati mai huji, tambayar Chapanis ta biyo ta. A watan Disamba na 1968, a birnin San Faransisko, Douglas Engelbart ya nuna wa taron jama'a linzamin kwamfuta, wanda samfurinsa na farko ɗan akwatin katako ne mai tayoyin ƙarfe. A cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto aka raya tunanin nan na tagogi da ƙananan hotuna da ake dannawa, kamfanin Apple ya kai shi kasuwa sosai da Macintosh a 1984. Shekara guda kafin nan, a 1983, Stuart Card da Thomas Moran da Allen Newell suka fitar da littafin da ya yaɗa sunan fannin. Amma labarin da ya fi burge ni daga wannan cibiya na wata mace ne, Lucy Suchman, wadda ba injiniya ba ce, masaniyar al'adun al'umma ce. Ta ɗauki bidiyon mutane biyu suna fama da wata sabuwar na'urar kwafin takardu, suna danna wannan su buɗe wancan, abu ya ƙi. Masu kallo na iya zaton leburori aka kwaso daga titi. Ashe manyan masana kimiyyar kwamfuta ne, ɗayansu ma shi ne Newell ɗin da na ambata. Abin da Suchman ta fitar daga nazarinta shi ne, mutane ba sa bin jerin matakan da mai ƙira ya zana a kansa. Suna duba halin da suke ciki ne, su gwada, su ga abin da ya faru, su sake shawara.

Wannan shi ya sa fannin ya zama gauraye. Akwai ilimin kwamfuta a ciki, akwai na halayyar ɗan'adam, akwai zane, akwai nazarin al'ada. Ɗalibi zai koyi abin da ido ke fara gani a allo, da yawan abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa na ɗan lokaci, da yadda yatsa ke kai wa ga maɓalli. Paul Fitts ya nuna tun 1954 cewa lokacin da hannu ke ɗauka ya isa wani wuri ya danganta da nisan wurin da girmansa, har da lissafinsa. Don Norman, wanda littafinsa na 1988 a kan ƙirar kayan yau da kullum ya zama abin da kusan kowane mai shiga fannin ke fara karantawa, ya nuna cewa duk mai amfani da na'ura tambayoyi biyu ke gabansa. Ta farko, yaya zan yi abin da nake so? Ta biyu, da na yi, me ya faru?

Tambaya ta biyun nan ita ce ciwon kanmu a ƙasar nan, kuma akwai misalinta mai ban tsoro. A watan Maris na 1979, a tashar lantarki ta nukiliya ta Three Mile Island a jihar Pennsylvania, wani bawul ya maƙale a buɗe, ruwan sanyaya injin yana zurarewa. A ɗakin kula akwai fitilar da ma'aikata suka ɗauka tana nuna ko bawul ɗin a rufe yake. Alhali abin da take nunawa kawai shi ne an aika masa umarnin rufewa. An aika, fitila ta mutu, ma'aikata suka natsu, bawul kuwa yana nan a buɗe sama da awa biyu. Duk wanda ya taɓa tura kuɗi a waya ta ce masa an gama, mai kaya kuma ya ce bai ga komai ba, ya san wannan fitila. Haka wanda takardar POS ta ce masa ba a yi ba, amma saƙon cire kuɗi ya shigo kafin ya mayar da kati aljihu. Na san akwai matsalar netiwok, ban musa ba. Amma matsalar netiwok daban, na'urar da ke faɗa maka abin da ta yi niyya maimakon abin da ya auku daban. A lokacin ƙarancin takardun naira na farkon 2023, mutum nawa aka tsare a shago, abokai nawa suka yi sa'insa, saboda allo ya kasa cewa da gaskiya: kuɗinka sun fita, ba su isa ba tukuna, ga abin da za ka yi?

Ɗan ƙanwata yana da teburin POS a bakin wata kasuwa a Kano, laima ɗaya da benci da ƙaramin akwatin kuɗi. Idan na samu sarari nakan zauna a wurinsa, kuma nakan ce wa ɗalibaina wannan benci ya fi ɗakin gwajin makarantarmu koyarwa. Wata safiya wata dattijuwa ta zo da katinta a naɗe cikin leda, ledar a ƙulle a bakin mayafi. Ta kwance a tsanake, ta miƙa.

"Ɗana, duba mini ko yaron nan ya turo."

"To Mama, ga shi, sa lambar sirrinki."

"Kai dai sa. Ga ta nan a takarda."

Takardar kuwa tare da katin take a leda ɗaya, an rubuta lambobi huɗun da jan biro. Ya danna, na'ura ta fito da 'yar takarda. Ta karɓa ta juya ta, ta mayar masa. "Nawa ne a ciki?" Ya faɗa mata, duk wanda ke kan benci ya ji, har mai shayin da ke gefe. Ta ce ya ba ta dubu goma sha biyar. Da ya miƙa, ta ƙirga su cikin ƙiftawar ido, ta zaro wata dubu ɗaya da gefenta ya yage ta ce ya canza mata, mai gero ba zai karɓa ba.

Wannan baiwar Allah ba lissafi ne ya gagare ta ba. Tsarin da aka ba ta an gina shi ne a kan zaton mutum ɗaya, kati ɗaya, sirri ɗaya, mai karanta Turanci, mai zuwa shi kaɗai. Ita kuwa rayuwarta ba haka take ba. Harkarta da na'ura kullum ta hannun wani take bi, ɗa ko jika ko yaron POS. Bankuna suna ta sanarwa a rediyo kada ka ba kowa lambar sirrinka, kuma gaskiya suke faɗa. Amma me aka tanadar wa wadda in ba ta bayar ba, ba za ta ci abinci ba? Masu bincike sun daɗe da lura da wannan. Nithya Sambasivan da abokan aikinta sun yi nazari a unguwannin talakawa na Bangalore a Indiya, suka wallafa a 2010, a kan yadda mutane ke amfani da waya ta hannun wani. Darasin shi ne a ɗauki ɗan tsakiyar nan a matsayin wani ɓangare na tsarin, a yi ƙira da saninsa. Me zai hana wayar Mama ta yi ƙara bayan an cire kuɗi, murya ta faɗa mata da Hausa nawa aka cire, nawa ya rage, a kunnenta ita kaɗai? A Indiya kamfanin Paytm ya raba wa masu shaguna wani ɗan akwati da ke faɗar adadin kuɗin da ya shigo da babbar murya, cikin harsunan ƙasar, don mai sayar da shayi ba sai ya ajiye buta ya duba waya ba. Fasahar da ke ciki ba wata gagaruma ba ce. Wani ne ya tsaya ya kalli hannun mai shayi.

Ko ɗauki tura kuɗi da lambobin nan masu farawa da tauraro, waɗanda masu ƙaramar waya suka dogara da su. Lambar asusu goma ce. Lambar waya goma sha ɗaya, BVN goma sha ɗaya, NIN ma haka. George Miller ya rubuta tun 1956 cewa abin da mutum ke iya riƙewa a ka a lokaci guda bai wuce wajen bakwai ba. Sai ga dattijo da tabarau yana duba takarda, ya danna uku, ya sake dubawa, ya danna uku, kafin ya kai ƙarshe layi ya yanke, a koma farko. A 2021 aka ƙayyade naira 6.98 a kan wannan hidima, don haka jinkirin yatsa ma yana iya zama asara. Wanda ya yanke tsawon daƙiƙoƙin nan da saurin yatsun wa ya auna? A gefe guda, a yaba inda ya kamata: nuna sunan mai asusu kafin a tura kuɗi ƙira ce mai kyau, Allah kaɗai ya san yawan dukiyar da wannan layi ɗaya ya hana ta tafi hannun da ba shi aka nufa ba.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini ido da ido. Wai ina goyon bayan jahilci, maganin abin shi ne mutane su yi karatu. Wa ya ƙi karatu? Ni malami ne, da shi nake ci. Amma Mama ta haura sittin, kuɗinta yau take buƙata, ba bayan an gyara makarantun firamare ba. Kuma labarin matuƙan jirgi da na masanan da na'urar kwafi ta kunyata ya isa ya nuna cewa digiri ba ya kare mutum daga mummunar ƙira. Tela ba ya ɗinka riga yadda ya ga dama sannan ya ce mai ita ya je ya rage tumbi. Awo yake fara ɗauka. Abin da fannin nan ke nema ke nan daga mai rubuta manhaja.

Wasu kuma, masu kishin harshe irina, suna ganin da an fassara komai zuwa Hausa shi ke nan an gama. Ina ma haka ne. Wasu na'urorin cirar kuɗi suna da zaɓin Hausa, amma tsaya ka kalla, za ka ga Bahaushe ya tsallake shi ya danna Turanci. Ba don ya fi jin Turancin ba. Ya haddace wuraren ne: na biyu a dama, sai na ƙasa, sai na ƙasa kuma. Yana tsoron in ya canza harshe hanyar ta canza masa. Ga kuma ɗimbin mutanenmu da suka yi karatun allo, suna karanta ajami tiryan-tiryan, amma boko ko da Hausa ne sai da ƙyar. Indrani Medhi da abokan aikinta a cibiyar bincike ta Microsoft a Indiya sun gwada tsarin tura kuɗi iri-iri da mutane masu ƙarancin karatu. Suka gano tsarin rubutu zalla ba ya yi musu, hoto da murya sun fi, kuma jerin zaɓi mai rassa, wanda sai ka shiga wannan ka sami wancan a cikinsa, shi kansa cikas ne ko da an karanta wa mutum. Hoton ma ba kowanne ba. Kwandon sayayya mai taya da ke kusurwar manhajojin kasuwanci, wace mai sayen kayan miya a kasuwar Rimi ta taɓa tura irinsa? Alamar adana aiki har yau hoton wani faifai ne da ɗalibaina ba su taɓa riƙewa ba.

Su kansu mutane sun riga sun nuna mana abin da suke so. Tun da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, dubi yadda ya mamaye mu. Cinikin atamfa da turaren wuta daga cikin gida, sanarwar ɗaurin aure, karatun malamai, sulhu tsakanin 'yan'uwa, duk da murya. Danna ka riƙe, yi magana, saki. Babu wanda ya buɗe aji don koyar da wannan. Mai tsara manhaja don Hausawa da bai zauna ya yi tunanin dalilin haka ba, bai fara aiki ba.

Bari in ɗan ratse kan haruffanmu masu lanƙwasa, don abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Saƙon tes na waya yana ɗaukar haruffa 160. Amma da zarar ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya, wayar za ta koma wani tsarin rubutu da ke ɗaukar 70 kacal, saboda ba a sa haruffanmu a jerin asali da aka tsara wa wayoyin GSM a Turai ba. Wato mai rubuta Hausa daidai yana iya biyan kuɗin saƙo biyu ko uku a inda mai rubuta ta a karkace zai biya ɗaya. Sannan mu zo muna faɗan yaran zamani sun lalata rubutu.

Misali mai daɗi daga gida shi ne na hukumar JAMB. Ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, zuwa 2015 kowa da kwamfuta yake yi. Yara da yawa, musamman daga karkara, ranar jarrabawa ce ranar farko da suka kama linzamin kwamfuta. Na ga yadda hannun sabon shiga ke yi da shi: ya ɗaga shi sama, ya danna da ƙarfi har kibiyar ta goce, ya bi ta da ido ya rasa inda ta shiga. Yaro ya san amsar lissafi, amma abin da ake aunawa a lokacin shi ne wuyan hannunsa. A 2017 hukumar ta kawo tsarin maɓallai takwas: A, B, C, D don amsa, N don gaba, P don baya, da S da R don miƙa aiki ko fasawa. Ba a jira kowane ƙauye ya sami ɗakin kwamfuta ba. An cire abin da ba shi ake jarrabawa a kai ba.

Ilimin nan kuma yana da kaifi biyu, kada a ɗauka duk masu shi mutanen kirki ne. Wanda ya san dokar Fitts ya san yadda zai sa maɓallin "na yarda" ya cika allo, alamar rufe talla kuma ta zama kamar ƙwayar gero a can kusurwa. A 2010 wani Baturen Ingila mai suna Harry Brignull ya fara tattara irin waɗannan dabaru na yaudara yana fallasa su. Mu nan mun san su tun kafin mu ji sunansu: saƙon da ke faɗowa kana tsakiyar danna waya, ka taɓa ba da niyya ba, gobe ka ga ana zaftare maka kati kan waƙar kira ko hasashen ƙwallo. Shiga da dannawa ɗaya, fita sai ka nemi wanda ya sani. Sai da hukumar sadarwa ta NCC ta fito da lambar 2442 a 2016 don mutane su iya toshe saƙonnin da ba su nema ba. Manhajojin bashi da ke neman izinin shiga lambobin wayarka cikin dogon Turanci da ƙananan haruffa, su ma sun san sarai abin da suke yi. Ƙasar da ba ta da masana wannan fanni ba ta da wanda zai zauna a gaban hukuma ya nuna da hujja cewa an tsara allon nan ne don mutum ya yi kuskure.

To ta ina mai sha'awa zai fara? Abin daɗin shi ne farkonsa ba ya cin kuɗi. Zana allon manhajarka a takarda, kowane shafi da fallensa. Nemi mutum irin wanda kake yi wa aikin, ba abokinka na aji ba. Ba shi aiki takamaimai, ka ce tura wa ƙaninka dubu biyu, ka roƙe shi ya riƙa faɗar abin da ke ransa yana yi. In ya taɓa wuri da yatsa, ka canza masa falle kamar kai ne na'urar. Jakob Nielsen, ɗaya daga cikin sanannun fannin, ya yi hujjar cewa gwaji da mutum biyar yana fito da kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani da tsari. Ana muhawara a kan adadin, amma duk wanda ya gwada ya san kafin mutum na huɗu ya tashi ka fara jin kunyar aikinka. Mafi wuya a ciki shi ne kame baki. Za ka ga mutum yana neman maɓallin da ke gaban hancinsa, harshenka yana ƙaiƙayi ka ce ga shi nan. In ka faɗa, ka ɓata gwajin, domin ranar da zai yi amfani da abin da gaske ba ka nan.

Akwai kuma abin da littattafan Amurka ba za su koya maka ba, shi ya sa nake son 'ya'yanmu su shiga fannin da kansu. Mutanenmu suna da kara. Ka nuna wa dattijo aikinka ka tambaye shi ya ya gani, zai ce ma sha Allah, ya yi kyau, Allah ya ƙara basira, ko da bai gane komai ba. Ba ƙarya yake ba, ladabi ne, ba zai kushe wahalar yaro a gaban idonsa ba. Don haka tambayar "ya yi kyau?" ba ta da amfani a nan. Hannunsa za ka kalla, da inda ya yi jim, da lokacin da ya waiga neman jikansa. Wani lokaci sai ka ce aikin wani ne aka ba ka ka duba, sannan bakinsa zai buɗe. Haka kuma rabin masu amfani da waya suna cikin gidajen da aka rubuta "ba shiga" a zaure. Matan da ke sana'a daga ɗaki, masu karɓar adashi, masu raba waya ɗaya da miji ko da 'ya'ya, namiji mai bincike ba zai taɓa ganin yadda suke riƙe waya ba. Sai mace. Duk lokacin da ɗaliba ta ce mini tana son kwamfuta amma rubuta manhaja dare da rana bai kwanta mata ba, wannan ƙofar nake nuna mata, kuma ba don ta fi sauƙi ba. Masana fannin na Afirka sun fara haɗa kansu, taronsu na farko mai suna AfriCHI an yi shi a Nairobi a 2016. Ina so in ga bincike daga Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi a irin wannan zama, a kan mai karanta ajami, a kan yaron POS, a kan wayar da mutum huɗu ke amfani da ita.

Inda na fi jin takaici shi ne aikin kammala karatu. Kowace shekara ɗalibai suna kawo manhajar kula da asibiti, manhajar rajistar ɗalibai, manhajar sayar da magani. Ranar kare aiki ɗalibi ne ke riƙe da linzami, yana bi ta hanyar da ya haddace, komai na tafiya sumul, malamai su tambayi wane harshen kwamfuta ya yi amfani da shi, a ba da maki. Ba a taɓa tambayar ko wata nas ta taɓa zama a gaban abin ba. Shawarata ga shugabannin sassan kwamfuta a jami'o'i da kwalejojinmu ba ta buƙatar kasafin kuɗi. A wajabta wa kowane ɗalibi babi guda da zai bayyana mutanen da ya gwada aikinsa da su, inda suka maƙale, da abin da ya canza saboda haka. Ranar karewa kuma a karɓe linzamin daga hannunsa. A kira masinja ko mai gadin sashen, a faɗa masa da Hausa abin da ake so ya yi, ɗalibi ya koma gefe ya harɗe hannu. In malam mai gadi ya maƙale, a ba ɗalibi mako biyu ya je ya gyara, a sake zama.